Murhun Gwaggo Dije a Ƙasar Gawo

Tun da muka dawo ban huta ba. Maryam ta tare ni a bakin rijiya, Fa'iza ta biyo ni har Islamiyya, su Hassana kuwa kullum sai sun turo saƙo a waya: wai yaya Nijar, me muka ci, ina muka kwana, an saya ko ba a saya ba? Na gaji da farawa daga tsakiya ina komawa farko, ga shi akwai wuraren da in na iso, dariya ke ƙwace mini labarin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata, in koma gefe ina kallon fuskarta.

Ga wadda ba ta san ta ba, Gwaggo Dije yayar babana ce, kuma maginiya ce a ƙauyenmu da ke bayan Gezawa. Tun ina ƙarama nake zama kusa da ita ina kallon yadda curin yumɓu ke buɗe baki a hannunta ya zama tulu. To amma shekarun nan da mai ya tashi, kwanon masara ya fi ƙarfin mutane, wa ke ta randa? Wadda tata ta fashe sai ta nemi tsohon bokitin fenti. Ɗanta, Yaya Sabi'u, ya sami wani da ke son sayen filin matoya, wato inda take gasa tukwane a bayan gida, zai kafa injin buga bulo. A filin nan uwarta ta yi toyi, kakarta ma haka. Gwaggo ta ce a yi mata haƙuri zuwa faɗuwar ruwa. In ba ta ga wata hanya ba, ya sayar.

Ana cikin haka sai ga saƙon murya daga Yaya Ramatu, 'yar farin Gwaggo, wadda ke aure a wani gari gaba da Magarya, tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Akwai wani murhun yumɓu da Gwaggo ta ƙirƙiro sa'ad da itace ya fara tsada, rufaffe ne, ƙofa ɗaya gare shi, iska ba ta kwashe wutarsa, 'yan ƙirare kaɗan sun isa tuwo. Yaya Ramatu ta tafi da ɗaya. Yanzu ofishin magajin garinsu zai saya wa makarantu murhu mai tsimin itace, an ce duk mai yi ya kawo a gwada. Ƙungiyar matan unguwarsu, da yake ita ce hukuma ta sani, za ta tsaya wa Gwaggo.

Gwaggo ba ta faɗin sunan 'yar fari, don haka cewa ta yi, "Kin ji abin da yarinyar can ta ce? Shamsiyya, tashi ki haɗa kaya. Kin gama kwalejinki kina zaune kina ƙirga gajimare, gara ki zo ki karanta mini allunan hanya."

Ni da ban taɓa wuce Kano ba! Ranar na zuba gishiri a koko, na gai da Baba sau biyu a zama ɗaya.

Da safen da za mu tashi ta ja ni bayan rumbu. Ku da kuke ƙauyenmu kun sani, ko da yake ba a faɗa, tun da itace ya gagara da kandilo Gwaggo take toyi, busasshen kashin shanu, ta haɗa da kara da ƙaiƙayi. Tun kafin gari ya waye sosai take zuwa ɗiba don kada a gan ta. A wurinta wannan alamar karaya ce, don uwarta da itace take shimfiɗa matoya.

Ta ce, "Gidan surukai za mu. Kika kuskura bakinki ya furta kandilo, a can zan bar ki, su aurar da ke ga mai raƙumi."

Na rantse mata. Har raina na ɗauka wannan ne abu mafi sauƙi da aka taɓa roƙona.

Murhu huɗu muka ɗauka, kowanne an naɗe shi da tsohon zane an cusa masa harawa ciki da baya don kada ya fashe. A tashar Kano direba ya ce duk a bayan mota za a sa su. Gwaggo ta ce ɗaya dai a cinyarta zai zauna. Ya ce, "Hajiya, jariri ne?" Ta ce, "Ya fi ka tsada." Haka muka bi ta Dambatta, Gwaggo na leƙen duniya ta saman murhu, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta ce masa sannu. Murhun take wa sannu, ni ban samu ko ɗaya ba.

Kusa da ni wata Hajiya ce mai fara'a, za ta suna Babura, ta ɗauro akuya an sa a baya tare da kaya. Tun daga hanya take yabon akuyar, wai ba ta taɓa shiga mota ta yi shiru haka ba, lallai ta san gidan alheri za ta. Da muka tsaya salla aka buɗe bayan motar, sai ga dalilin shirun. Ta cinye harawar murhu biyu tas, ta zura kai cikin na uku tana ci gaba. Gwaggo ta riƙe baki. Hajiya ta ce, "Ai kuwa Iya harawarki mai kyau ce, ba kowace take ci ba." Na juya baya na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba. Sauran hanyar da zannuwanmu na canji muka yi wa murhu matashi, har da sabon leshin Gwaggo na biki.

A iyaka na shirya tsoro sosai, sai ya zama ban yi amfani da shi ba. Aka duba katinmu. Daga can ɓangaren, ma'aikacin kwastan, su duwan suke cewa, ya zagaya murhun yana tambaya ko gidan kaji ne. Ya ɗaga makulli zai ƙwanƙwasa, Gwaggo ta kama hannun rigarsa ta ce, "Ɗana, da yatsa ake yi, ba ƙofar gidan yari ba ce." Ya sa yatsa. Murhu ya amsa da wata ƙara siririya mai daɗi. Ya kira abokinsa shi ma ya gwada, sannan suka ce mu wuce lafiya. Na tsallaka ina duba ƙasa ko launinta zai canza. Rairayin dai shi ne, Hausar ma ita ce, sai dai makaranta ta zama lakwal, malaminta mushe, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu.

Mijin Yaya Ramatu, Malam Isufu, ya tarye mu a tasha da amalanken shanu. Gwaggo na hango shi ta ja mayafi ta rufe kai ruf, ta haye can ƙarshen amalanke ta ba mu baya. Gaisuwar ma ta bakina ta bi, yana faɗa ina mayarwa, alhali kamu uku ne tsakaninsu.

A hanyar nan ne na ga gawo. Muna da shi a gonakinmu, amma ɗaiɗai, kuma 'yan shekarun nan gatari ya rage su. Can kuwa ko ina ka juya shi ne, manya da ƙanana, kore shar a tsakiyar bazara sa'ad da komai ya bushe. Na ji kamar mun shiga taron mutanen da suka yi ado suna jiran baƙi. Malam Isufu ya ce ai a ƙasarsu doka ce ke tsaron gawo, ko a gonarka yake ba ka kayar da shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Na ce ikon Allah. Na waiwaya in gaya wa Gwaggo, sai na ga ƙullin mayafi kawai yana rangaji. Na ce a raina in mun sauka na faɗa mata. Da muka sauka Yaya Ramatu ta rungume ni, yara suka yanyame mu, maganar ta tashi daga kaina.

An sauke mu a ɗakin uwar mijin, Iya Hajo, wadda ta tafi ƙauye gaisuwar rasuwa. Abinci kuwa, mu da muka saba fura ta biyo bayan tuwo, can ita ce abincin rana sukutum, a ƙwarya mai faɗi, kowa da ludayinsa. Akwai kwaɗon zogale da suke ce wa kopto, na ci har na ji kunya. Da la'asar maza su kafa 'yar ƙaramar buta a kan gawayi, su yi ta tsiyaya shayi daga sama cikin kofin da bai fi babban yatsa ba, na farko ɗaci kamar magani, na ƙarshe zaƙi kamar alewa. Sai burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya. Gwaggo ba ta cin abinci in suruki na gida, don haka ta saƙale burodi a ƙarƙashin mayafi za ta shige ɗaki da shi. Rabinsa ya leƙo ta bayan kafaɗarta. Malam Isufu ya sunkuyar da kai ya ce wai yana neman takalminsa, takalmin kuwa na ƙafarsa.

Ranar gwaji aka taru a harabar makaranta. Akwai wani maƙeri da murhun ƙarfe, akwai wani ɗan kasuwa da ya kawo nasa daga waje cikin kwali, yana ƙyalli, sai mu. Shugabar kwamitin saye, Madam Hadiza, doguwa ce mai sanyin murya, ta zauna a tsakiyar tebur. Gefenta wani ma'aikacin gandun daji ne cikin koren kaki. Aka ba kowa damin ƙirare iri ɗaya da tukunyar shinkafa da wake iri ɗaya. Yaya Ramatu ce ta yi girki a namu.

Wallahi ban taɓa sanin tafasar ruwa za ta iya sa zuciyata gudu haka ba. Na maƙeri ya riga kowa tafasa, amma ya lashe daminsa kafin wake ya nuna. Na kwali ya yi kyau, sai dai tukunyar makaranta ta fi shi girma, sai da mutum ya riƙe mata kunne. Namu ya yi ta ci a hankali kamar tsohuwa mai ladabi, aka sauke abinci da sauran ƙirare a ajiye. Matan ƙungiya suka rangaɗa guɗa. Na kama hannun wata da ban sani ba muka yi ta tsalle.

Na ɗauka an gama. A wajenmu, iyakar abin da na sani, in hukuma ta sayi abu, ranar da mota ta sauke shi muke ganinsa. Ashe can akwai zaman tambayoyi, a gaban jama'a. Aka tambayi maƙeri inda yake samun ƙarfe, ya ce tsofaffin gangunan mai. Aka tambayi mai kwali in ya lalace wa zai gyara, ya yi ta kame-kame. Sai aka zo kan Gwaggo. Dangin Malam Isufu duk suna tsaye a bayanmu, ƙannensa mata, kawunsa, har da limamin unguwa.

Madam ta ce, "Inna, aikinki ya yi kyau. Da me kike gasa shi?"

Na ji Gwaggo ta gyara zama. Ta ɗan daga mayafi.

"Da itace mana, 'yata. Mu gidan gado ne, ba ma toyi da tarkace."

"Wane irin itace?"

"Gawo," in ji Gwaggo, da murya har ƙarshen haraba. "Manya. Duk toyi sai an kayar mini da guda, wani lokacin biyu."

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Mai koren kaki ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Yaya Ramatu ta zauna a ƙasa da ludayi a hannu. Ni kuwa bakina ya buɗe, amma me zan ce? In ƙaryata yayar ubana a gaban surukanta, bayan na rantse? Na dubi takalmana. Gwaggo ta ɗauka girmamawa ce ta sa kowa ya yi tsit, har ta ƙara da cewa, "Busasshe ma ba na so sosai, ɗanye ya fi riƙe wuta."

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, bari in gaya miki yadda muke. Kuɗin da za mu sayi murhun nan na hukuma ne, akwai dokar da ta ce mana yadda za mu kashe shi. Ba arha kaɗai ta ce mu duba ba. Ta ce mu duba abin da kaya zai yi wa ƙasa, da abin da ya riga ya yi mata kafin ya iso hannunmu. Mun nemi murhun nan ne don a rage sare itace. In kowane toyi sai gawo ya faɗi, to itacen da zai tsimin mana a gaba ya riga ya cinye shi a baya. Ko ina so, ba ni da ikon sa hannu."

Gwaggo ta ce, "Ai gawon ƙasarmu ne, ba naku ba."

Mai koren kaki ya ce, "Inna, iskar da ke kwaso mana rairayi ba ta tsayawa a duwan."

Aka ce mako mai zuwa za a yanke tsakanin maƙeri da mai kwali.

Muka kama hanyar gida. Ni dai tunani ya ɗauke ni. Duk karatuna, doka a wurina abar kama ɓarawo ce. Ban taɓa zaton akwai wadda za ta zauna a kujera ta tambayi murhu abin da ya ci kafin a haife shi ba. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, har na ji kunyar sha'awar, don a gabana Gwaggo ke tafiya kafaɗunta sun sauka.

Da muka shiga ɗaki na gaya mata maganar Malam Isufu ta kan amalanke. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu? Me aka kai ki makaranta ki koyo?" Na ce, "Gwaggo, mu koma ki faɗi gaskiya." Ta ce, "In ce musu me? Uwar matar ɗanku kashin shanu take tsinta? Gara Sabi'u ya sayar. Naɗe mana kaya."

Ina cikin naɗe kayan, zuciyata na can filin matoya, ina ganin injin bulo yana girgiza a inda muke gasa gyaɗa a tokar toyi, sai muka ji sallama mai ƙarfi a tsakar gida. Iya Hajo ce ta dawo. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, da zobe a hanci, da atamfa sabuwa dal, a kanta kuwa ƙaton kwando cike fal da kandilo. Ta dire shi a tsakiyar gida, gaban ɗanta da kowa, ta ce, "Ramatu, zo ki ga abin da na samo a mashaya! Irin mai faɗin nan, na bijimai. Saura kaɗan mu yi dambe da matar mai gari a kansa." Sannan ta hango Gwaggo a bakin ƙofa. "Lale, lale da uwar ɗiyata! An ce mini ke ce mai cin gawo."

Gwaggo ta fito tsakar gida. Kwandon take kallo. Ta matso a hankali, ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta karya, ta duba cikinsa.

Ta ce, "Wannan bai gama bushewa ba. Hayaƙi zai yi miki."

Iya Hajo ta ce, "Oho! Mai gawo ta san kandilo?"

Sai kafaɗun Gwaggo suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har ta zauna a kan turmi tana share ido. Ta faɗa mata komai. Iya Hajo ta tafa hannu ta ce, "Don wannan kika kashe kasuwarki? Mu nan in ba ki iya tsintarsa ba ai ba a kiran ki mace. Tashi, tashi, ofis bai rufe ba."

Madam ta saurare mu har ƙarshe, tana danne murmushi. Ta ce, "Na yarda da ke a raina, Inna. Amma bakin nan ne ya faɗi ta farko a gaban jama'a, shi ne kuma ya faɗi ta biyu. Doka ba ta san wadda za ta ɗauka ba. Sai mun gani da ido." Ta ce in Gwaggo za ta gina wasu a nan, ta gasa a gabansu kafin ranar yankewa, za a mayar da ita cikin masu nema.

Nan aikin ya fara. Matan ƙungiya suka kai mu inda maginansu ke haƙar yumɓu. Gwaggo ta murza shi, ta ɗanɗana a harshe, ta ce ya cika rairayi, ba shi da ladabi irin namu, ba ta san ko zai jure wuta ba. Wannan ne ya hana ni sakewa duk kwanakin. Ta gina shida, muka jera su a inuwa, rana ta bazara ta taimaka. Ni aikina in riƙa juya su, ina yi musu magana a hankali in ba kowa.

Sai ɗibar kandilo. Kayanmu na canji duk sun yi ƙurar hanya an wanke, abin da ya bushe kawai leshin biki ne. Haka Gwaggo ta fita, da rana tsaka, cikin leshi ruwan hoda, da kwando a kai, ita da Iya Hajo suna tsere a bayan kasuwar shanu. "Wannan nawa ne, ni na fara gani!" "Ke da kika zo jiya, har kin san na wa ne?" Makiyaya suka bar ciniki suna kallo. Wani ya nuna musu inda garkensa ya kwana, Gwaggo ta yi masa addu'a kamar ya ba ta kujerar Makka. Ni ina biye da buhu, na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ranar toyi da la'asar kwamiti ya zo, aka kawo musu benci. Gwaggo ta shimfiɗa kara, ta jera murhu a kife, ta gina musu kandilo kewaye kamar tana yi musu ɗaki, ta lulluɓe da ƙaiƙayi. Mai koren kaki ya zagaya da sanda yana tonawa ko an ɓoye gungume. Ta ce, "Tona da kyau, ɗana, in ka sami gawo ka kai ni gidan yari da leshina." Ta yi bisimilla ta sa wuta. Wutar ba ta tashi sama ba, ciki ta shige tana ci a ɓoye, tudun ya yi ja kamar garwashi guda ɗaya. Can muka ji wani abu ya ce fas! Gwaggo ta rufe ido. Ba wanda ya san ko ɗaya ne ko dukansu, kuma ba a buɗewa sai ya huce.

Da hantsi aka sake taruwa. Ta ja toka da sanda. Na farko da ya bayyana ya rabe biyu.  Na biyu ya fito ja, da baƙin tabo a kafaɗa. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa. Na uku ya amsa. Na huɗu, na biyar, na shida. Iya Hajo ta cire ɗankwali ta yi ta juyi, ni kuwa na samu kaina ina rungume da Madam Hadiza, shugabar kwamiti guda, toka duk a rigarta. Ta ce, "Ba komai, ɗiyata, sake ni in rubuta."

Ranar yankewa aka raba. Manyan makarantu biyu na cikin gari aka ba maƙeri, don tukwanensu sun fi ƙarfin yumɓu. Na ƙauyuka duka aka ba ƙungiyar mata da Gwaggo, ta gina wasu a gida ta aiko, wasu ta zo ta gina a can tare da matan. Sharaɗi ɗaya ne, kuma sai da aka karanta shi da ƙarfi da Faransanci, aka fassara da Hausa a gaban liman da kawu da kowa: za a gasa su da kara da ƙaiƙayi da kashin shanu, ba da itace ba. Gwaggo ta dangwala yatsa. Ta ce a hankali, "Sun ma rubuta shi da sunansa. Ko su ce kandilo."

Dawowa ba mu da kaya sai burodi da Iya Hajo ta cika mana, na rungumo su kamar damin rake. Mun iso gida bayan la'asar, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Yaya Sabi'u na zaune a ƙofar gida. Ya karɓi jakar Gwaggo, ya yi mata sannu da hanya, ya ɗan sosa ƙeya ya ce mai bulon nan ya sake zuwa, ya ce ranar Juma'a zai zo da masu awo.

Gwaggo ko zama ba ta yi ba. Maza na zaune a dakali, mata na dawowa daga rijiya, ba ta rage murya ba.

Ta ce, "Ka ce masa ya nemi wani filin. In ka dawo ka wuce rugar Fulanin bakin rafi, ka gai da Arɗo, ka ce in ji Dije maginiya, kandilon bana kada ya ba kowa. Na kama duka."